Masu Sauraron Cikin Ƙasa: Daga Ƙaura Zuwa Shinkafi da Zurmi

Duk wanda ya sauka Ƙaura Namoda da rani zai ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya tun 1929, sannan ya ga Gulbin Gagare kwance, sai rairayi fari fat. A cikin rairayin nan mata da yara ke tona ramuka suna kwarfar ruwa da ƙoƙo. Ruwa dai yana nan, ɓuya ya yi. Gano maɓoyarsa kuwa sana'ar masu safiyo ce, waɗanda ake kira kafin motar haƙar burtsatse ta iso. Aikinsu ne ya kai ni yankin.

Ƙasar nan iri biyu ce. Ƙaura da Zurmi suna zaune kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai inda ya rube ko ya tsage. Idan ka doshi Shinkafi da Isa, sai dutsen ya nutse, shimfiɗar yashi da tsakuwa da yumɓu ta hau kansa. Masana na kiranta shimfiɗar Gundumi, kuma ita ce gindin kwarin Sakkwato, wanda masanan Amurka da na Najeriya suka yi nazarin ruwansa, rahoton ya fito a 1973. Wannan bambancin ƙasa ne ya sa ake samun ruwa a wannan gona, a haƙa ta kusa da ita a tarar da ƙura.

A gefen wani ƙauye na tarar da masu safiyon, mutum huɗu da akwati da nadin waya. Yawanci da lantarki ake wannan awo: a kafa turakun ƙarfe a jere, a saki wuta cikin ƙasa, a ga yadda take bi. Amma ranar sun haɗa da awon girgiza. Sun jera wasu 'yan na'urori masu tsini, kowace an soke ta a ƙasa, wani saurayi ya ɗaga guduma ya maka wa farantin ƙarfe. Girgizar ta ratsa ƙasa, na'urorin suka rubuta lokacin da ta iso wa kowace. A busasshen rairayi ba ta cika wuce mita 500 a daƙiƙa ba. A rairayin da ya ƙoshi da ruwa takan kai 1,500. A lafiyayyen dutse kuwa takan kai 5,000. Daga wannan bambanci ake lissafa zurfin ruwa da na dutse.

Faɗa da baki ya fi aikin sauƙi. Rairayi ba ya riƙe tsinin na'urar, sai ta karkace, abin da za ta rubuta ya lalace. Inda ƙasa ta ƙeƙashe kuma turakun lantarki ba sa kamawa sai an zuba musu ruwan gishiri. Garken shanu ya gifta, ko injin niƙa ya tashi, ko babur ya wuce, duk na'urar ta kwashe. Mai gari na tsaye yana kallo, sai ya ce, "Malam, me ta ce, akwai ruwan?" Babbansu ya amsa, "Ranka ya daɗe, ba ta cewa komai. Layuka take zanawa, mu ne za mu karanta, mu ma sai mun yi hattara."

Wannan wahala ba ta nan kaɗai ba ce. A tsaunukan Turai akwai kogunan ƙanƙara masu gangarowa a hankali, kuma da irin waɗannan na'urori ake sauraronsu. A can ƙanƙarar ce ke narkewa ƙarƙashin na'urar ta karkatar da ita, sanyi ya kashe batir, dusar ƙanƙara ta rufe farantin sola. A 2018 masanan Faransa sun jera na'urori 98 kan ƙanƙarar Arjantiye. A 2019 na jami'ar fasaha ta Zurik suka shimfiɗa wayar gilashi, irin ta intanet, kan ƙanƙarar Ron a Suwizalan, wayar da kanta ta zama kunne. Duk da haka sai sun zauna rarrabe ƙarar tsagewar ƙanƙara da ta gudun ruwa da ta zamewarta kan dutse.

Karatun ne ya fi wuya a ko'ina. A awon lantarki, yumɓu da yashi mai ruwa suna iya ba da alama kusan ɗaya, don haka a wajen Shinkafi mai gaggawa zai sa a haƙa cikin laka. A awon girgiza kuma, siririyar shimfiɗa, ko mai laushi da ke ƙarƙashin mai tauri, takan ɓace wa na'urar gaba ɗaya. Abin da ke warware gardama shi ne takardar rijiyoyin da aka riga aka haƙa a kusa: a mita nawa aka ci karo da dutse, a ina ruwa ya ɓullo. Irin wannan takarda ce ke wuyar samu.

Hanyar Zurmi ta ƙara nata nauyin. Jan waya ɗaruruwan mita a bayan gari na buƙatar kwanciyar hankali, ita kuwa 'yan bindiga sun hana yankin Gulbin Bunsuru samunta shekara da shekaru. Sai ka ga an yi awo a gurguje a bakin gari, ko a tsallake shi ɗungurungum, alhali ƙauyukan ne suka fi ƙishin ruwa.

Kira a nan ga ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gari da masu haƙa rijiya sadaka: kada a kira mota sai an yi safiyo, kuma kada a sallami mai haƙa sai ya bar rubutaccen bayanin abin da ya tarar. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, wuri ne da ya dace a riƙa tara waɗannan takardu, domin mai awon gobe ya sami abin gwadawa.