Riyo Tinto, kogin da ke cin dutse

A kudu maso yammacin Ispaniya, cikin lardin Welba, akwai wani kogi mai tsawon kilomita kamar 100 da ake kira Riyo Tinto, wato jan kogi. Ruwansa ja wur ne kamar zoɓo, duwatsun gaɓarsa sun rine da ruwan ɗorawa. Babu kifi a cikinsa, dabba ba ta sha, manomi ba ya ban ruwa da shi, domin tsaminsa ya wuce misali.

Tun kafin zamanin Rumawa ake haƙar jan ƙarfe da azurfa a wannan ƙasa. A 1873 Ingilishi suka saye ma'adinan daga hannun gwamnati, suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa bakin teku, suka gina unguwarsu ta Bella Vista da katanga kewaye. Dabararsu a lokacin ita ce tara dutsen tuli-tuli a fili a cinna masa wuta, ya yi watanni yana ci. Hayaƙin farar wuta ya ƙone gonaki, ya shaƙe ƙirazan mutane. Ran 4 ga Fabrairu 1888, manoma da leburori suka taru a dandalin garin suna neman a daina, soja suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 13 suka mutu, mutanen yankin kuwa suka ce sun zarce haka nesa. Sai a 1907 aka kashe wutar ƙarshe.

Abin da ya maye gurbinta ya fi arha: a jibge dutse, a dinga yayyafa masa ruwa, a tare ruwan da ya tsiyayo a kwatami mai cike da tsofaffin ƙarafa, jan ƙarfe ya kwanta a kansu. Masu aikin sun ɗauka ruwa da iska ne kaɗai ke yinsa. Ashe da lebura na uku, wanda ba a taɓa biyansa ko tamma ba. A 1947 wasu masana biyu a Amurka, Colmer da Hinkle, suka gano ƙwayoyin bakteriya a ruwan ramin kwal, masu rayuwa da baƙin ƙarfe da farar wutar da ke cikin dutse. Suna ci suna haifar da irin asid ɗin ruwan batir, dutsen ya ruɓe, ƙarfen ya narke ya bi ruwa. Irinsu ne suka cika Riyo Tinto, su suka ba shi launinsa.

Daga baya dabarar ta zama sana'a. A Obuwasi ta Gana, a 1994, an kafa manyan tankuna inda ƙwayoyin ke kwance zinariya daga dutsen da ya riƙe ta. Amma aikinsu na da nawa, kuma ba su san ranar tashi ba: ko an rufe ma'adini suna ci gaba da zuba asid a rafi.

Babban ramin Corta Atalaya, mai zurfin fiye da mita 300, an bar haƙarsa a 1992. Jan ruwa ya taru a gindinsa, baƙi na tsayawa a baki suna leƙawa.