Bamako, Garin Da Ake Neman Kiɗa Da Tambaya

Duk wanda ya sauka Bamako da niyyar jin kiɗa, kada ya ɓata lokacinsa wajen neman jadawali. Akwai takardun talla a jikin bango da gindin gada, amma da yawansu na wasan da aka yi ne tun watan jiya, rana ta riga ta cinye launinsu. Labarin inda za a yi kiɗa yau da dare a bakin mutane yake: direban tasi, mai bugun shadda, yaron otal, da samarin da ke zaune ƙofar gida suna dafa shayi. Kowace unguwa tana da irin wannan majalisa, kuma a nan na fi samun labari mai tushe. Sai dai ba a tambaya a tsaye. Za a miƙo maka kujera, a tambaye ka gajiya da mutanen gida, ka sha kofin farko mai ɗaci, kafin a kai na uku wani ya ɗauki waya ya kira ɗan uwansa da ke kaɗa ganga a wata ƙungiya. Shi zai faɗa maka ko maigidan ƙungiyar yana gari ko yana Turai.

A kan wannan tambaya komai ya rataya, domin manyan makaɗan Mali rabin shekararsu a hanya take ƙarewa, yau Faransa, gobe Amurka. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne idan sun dawo ba sa shiga gida su kulle ƙofa. Mutumin da ake sayen tikitinsa da tsada a Landan, shi ne za ka tarar a unguwa yana kaɗa wa maƙwabtansa, kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba.

Lokacin da na je, Toumani Diabaté yana raye, kuma daren Juma'a nasa ne. Da can a wani wuri mai suna Hogon yake wasa da ƙungiyarsa Symmetric Orchestra, daga baya suka koma Diplomate. Fili ne mai kujerun roba, babu wani ƙawa. Mai masaukina ya ce, "Malam, in ka je ƙarfe tara, kai da masu shara za ku zauna." Gaskiyarsa. Yaran ƙungiyar ne suke fara ɗumama wuri, mawaƙa suna karɓar juna, sai dare ya raba kafin a shigo da kora ta maigida. Rabin babbar ƙwarya ce aka rufe da fatar saniya, da dogon wuya, da tsirkiya 21, kuma da yatsu huɗu kacal ake kaɗa ta, manyan yatsu biyu da manuniya biyu. In ka rufe ido sai ka rantse mutum uku ne: ɗaya yana riƙe da gindin kiɗan, ɗaya yana bin waƙa, na uku yana zuba ado a sama. Makaɗan ƙungiyar daga Mali da Gini da Senegal da maƙwabtansu aka tattaro su, wato ƙasashen tsohuwar daular Mande, kuma da gangan Toumani ya yi hakan. Gidan su Toumani sukan ce sun gaji kora kaka da kakanni har zuriya 71. Ko mutum ya yarda da lissafin ko bai yarda ba, hannun ya nuna ba jiya aka fara ba. Shi ne suka zauna da Ali Farka Touré a Otal Mandé, a bakin Kogin Neja, suka ɗauki faifan In the Heart of the Moon wanda ya ci kyautar Grammy a 2006, shekarar da Ali Farka ya rasu.

Daren Asabar kuwa sai a haye kogi. Oumou Sangaré ta gina otal ɗinta, Wassoulou, a kan hanyar filin jirgin sama, kuma in tana gari takan fito ta yi waƙa a farfajiyarsa. Ita ba 'yar gidan roƙo ba ce. Kiɗanta na yankin Wasulu ne a kudancin ƙasar, tushensa kiɗan mafarauta, shi ya sa yake da tsalle da zafi. Tun faifanta na farko, Moussolou, take waƙa a kan auren dole da zaman kishi, kuma ka ga yadda mata suke miƙewa in ta ɗauko waɗannan baitoci, mazansu na zaune suna murmushin yaƙe. Salif Keita ma yana da nasa wurin, Moffou, a wannan ƙetaren.

Na leƙa tashar jirgin ƙasa da rana don in ga inda abin ya samo asali. A otal ɗin tashar, Buffet Hôtel de la Gare, hukumar jirgin ƙasa ta kafa ƙungiyar Rail Band a 1970 don nishaɗin matafiya. Salif Keita ne mawaƙinta, har ya bar ta a 1973 ya koma wajen kishiyarta, Les Ambassadeurs, Mory Kanté ya gaje shi. Yanzu jirgin fasinja ya daina zuwa Dakar, wurin ya yi sanyi, amma dattawan garin har gobe suna gardamar wace ƙungiya ta fi.

Duk wannan somin-taɓi ne. Kiɗan Bamako na ainihi ranar Lahadi ake jin sa, da rana tsaka, a kan titi, kuma ba a biyan ko sisi a ƙofa don babu ƙofar. Lahadi ranar biki ce, abin da ya sa makafin nan miji da mata, Amadou da Mariam, suka sa wa faifansu na 2004 suna Dimanche à Bamako. Ba ka bukatar mai yi maka jagora. Ka shiga ɗaya daga cikin korayen motocin haya da suke kira sotrama, ka sauka a Lafiabougou ko Medina Coura, ka bi ƙarar lasifika. Za ka tarar an tare layi da rumfa, an jera kujerun ƙarfe, mata sun cika wuri cikin shadda mai ƙyalli, irin rinin nan da 'yan kasuwarmu suke sarowa su ce mana 'yar Mali ce. A gefe ga mai jita, ga mai ɗan kalangun hammata da suke kira tama, ga mai ngoni, wadda in ka gan ta sai ka ce molo ce aka ƙara wa tsirkiya.

Amma sarautar wurin ta zabiya ce. Gidajen jeli, irin su Kouyaté da Diabaté, gadon roƙo suke yi, 'yan Kouyaté kuma suna kai asalinsu ga Balla Fasséké Kouyaté, maroƙin sarki Sunjata Keita na ƙarni na 13. Zabiyar takan riƙe makirufo ta nufi mace ɗaya a cikin taro, ta kira sunan gidansu, ta bi kakanninta ɗaya bayan ɗaya, wane ya yi yaƙi, wane ya ciyar da gari a shekarar yunwa. Matar tana zaune tana sunkuyar da kai, ƙawayenta suna ɗaga mata hannu sama, can sai ta buɗe jaka. Kuɗi ne, wani lokaci turmin shadda, kuma ana ba da labarin waɗanda suka yi kyautar zinariya da mota. Ni ma ban tsira ba. Da aka ga baƙo, sai aka ara mini sunan gidan mai masaukina, kamar yadda suke yi wa duk wanda ya zauna da su, zabiya ta wanke ni tas da kirarin kakannin da ban taɓa sani ba. Na ba da abin da ke aljihuna ina dariya. A irin waɗannan rumfuna mawaƙan ƙasar suke samun abincinsu na yau da kullum, a nan kuma ake gane mai murya. Wadda ta iya riƙe matan Bamako awa huɗu a cikin rana, dandalin Turai ba zai ba ta tsoro ba.

Garin ya ga jarrabawa. A 2012 masu ɗauke da makamai suka kama arewacin ƙasar suka haramta kiɗa, makaɗan Gao da Tumbutu suka kwararo kudu, bikin Festival au Désert da ake yi a yankin Tumbutu ya tsaya. Dokar ta-ɓaci ta 2013 kuma ta hana taruka na wasu watanni, masu kiɗan biki suka ji jiki. Amma a cikin wannan gudun hijira ne wasu samari 'yan arewa suka haɗu a Bamako suka kafa Songhoy Blues, suka fara daga ƙananan wuraren shaƙatawa har duniya ta san su. Shi ya sa a dare ɗaya za ka iya jin kora a wannan layi, a na gaba ka ji takamba ta mutanen Gao, wadda 'yan uwanmu na Nijar suka sani sarai.

Mai son zama a kujera mai lamba, a fara a kan lokaci a tashi a kan lokaci, yana da Cibiyar Al'adun Faransa, da Palais de la Culture Amadou Hampâté Bâ a Badalabougou. Suna da kyau, na je, sauti tsaf. Sai dai a ganina wanda ya tsaya a nan kaɗai ya ga makaɗan Mali ne, bai ga Mali tana sauraron makaɗanta ba.

Toumani ya rasu a watan Yulin 2024, Amadou Bagayoko mijin Mariam ya bi shi a Afrilun 2025, wuraren wasa kuma wasu suna rufewa wasu suna buɗewa. Mai niyyar zuwa ya fara bincika halin tsaro da na hanya, ya kauce wa watan azumi don gari yakan yi tsit, ya tabbata akwai Lahadi a cikin kwanakinsa. Ya canja kuɗinsa zuwa ƙananan takardu saboda zabiya, ya kuma sa kayansa na fita kunya a jaka, don mutanen Bamako ba sa zuwa biki da tsumma.