Shuɗi da ruwan toka: yadda fentin ɗaki ya kusa haɗa ni faɗa da Inna

1/ Jama'a, saura sati 6 bikina, kuma abin da ya hana ni barci ba lefe ba ne, fenti ne. Ku zo ku ji.

2/ A Kwalkwalawa nake, kan hanyar jami'ar Danfodiyo, gab da gulbin Rima. Ɗakin da za a kawo amarya na marigayi Baba ne. Tun rasuwarsa ba a taɓa bangon ba.

3/ Amarya ta ce ruwan toka take so, don ya dace da gado da labulen da za a yi mata jere da su. Ni kuma shuɗi nake so. Wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ya san ido na neman abin da zai sanyaya shi.

4/ Mai fenti ya ce kar in zaɓa daga hoton waya. Muka sayo ƙananan gwangwani, ya shafa kala huɗu a bango, ya ce in duba da safe, da azahar, da dare in an ɗauke wuta.

5/ Wallahi ya yi gaskiya. Shuɗi mai duhu da ya burge ni a waya, da magariba sai ɗakin ya koma kamar rijiya. Toka mai duhu kuwa kamar filastar da ba a gama ba.

6/ Muna cikin haka Inna ta shigo. Ta ga an fara kankare bango, ta ce: "Tsaya! Wanga zane ubanka yay yi shi da hannunai."

7/ Wani layi ne da aka ja da ƙusa, daidai ƙuguna. Nan ruwa ya tsaya a ambaliyar 2010, shekarar da hanyar jami'a ta yanke, sai da kwalekwale ake tsallakewa. Ina yaro lokacin. Ɗakunan ƙasa na gidanmu sun zube, wannan na bulo kaɗai ya tsira.

8/ Na ce, Inna amarya za a kawo fa. Ta yi shiru ta fita. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ji kunya, don ni kala nake gani, ita kuma mijinta take tunawa.

9/ Na kira amarya na gaya mata komai. Ita ta kawo mafita: a raba bangon biyu daidai kan layin Baba. Ƙasa ruwan toka mai haske, sama shuɗi mai haske irin na sararin samaniya.

10/ Mai fenti ma ya ce haka ya fi. Ƙasa fentin mai, ana goge shi da tsumma in ƙurar hunturu ko hannun yara sun ɓata shi. Sama fentin ruwa. Sharaɗinsa ɗaya: bango ya bushe sarai, don gidan kusa da fadama danshi ke ɓare masa fenti.

11/ Jiya aka gama. Inna ta shigo, ta bi layin da yatsa daga ƙofa har taga, ta ce "Allah shi yi albarka." Ban iya amsawa ba.

12/ In za ku gyara ɗakin gado, ku tambayi tsofaffin gida kafin a ɗauko rola. Ku sa Baba a addu'a, Allah ya jiƙan namu da naku.