Masu Kiran Duniya Daga Ƙarƙashin Rumfa

Mu Hausawan zango, na Kumasi da na Nima, da rediyo muka tashi. Tun daga 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, dattawanmu ke murɗa akwati a gajeren zango suna laluben muryar gida. Sai dai sauraro kaɗai muka gada. Ziyarar da na kai wa wani ɗan'uwa a jihar Ohayo ta Amurka ce ta haɗa ni da mutanen da suke mayar da magana ta wannan zangon.

'Yan ƙungiyar masu rediyon sha'awa ne. Kowannensu ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira. A ƙarshen mako na huɗu na watan Yuni, kowace shekara, sukan bar ɗakunansu masu sanyi su fita fili. Ƙungiyar ARRL ce ta fara wannan al'ada a 1933. Sukan kafa rumfuna, su jefa igiya bisa reshen bishiya su ɗaga wayar eriya, su haɗa na'urori da batir ko janareta ko farantin hasken rana. Daga nan sai kira, awa 24 babu tsayawa.

Zafinsu bai kai na Tamale a watan Maris ba, amma yana da danshi, mai jiƙa riga tun hantsi. Na zauna kusa da wani dattijo mai furfura da ke buga saƙo da harufan Mos, yatsa biyu kawai ke motsi, gumi na ɗiga a kan takarda. Gefensa yarinya ce da ba ta wuce shekara 12 ba, tana rubuta lambobin waɗanda suka amsa. Da rana ta faɗi sai sauro ya karɓi aiki, su kuma suka koma wani zango, domin saman iskar da ke dawo da saƙo ƙasa yakan sauya hali da dare.

Ana ƙidaya maki, kuma saƙon Mos ya ninka na murya. Amma a ganina makin hujja ce kawai ta fita. Abin da suke gwadawa shi ne ko za su iya isar da magana ranar da babu wuta, babu sabis. A 2017, da guguwar Mariya ta rusa hanyoyin sadarwa a tsibirin Puerto Rico, irin waɗannan mutane aka tura su taimaka wa ma'aikatan agaji.

Mu ma mun ɗanɗani irin wannan rana. A 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Gana da maƙwabtanta suka shiga ƙunci, mai aika kuɗi ta waya ya tsaya riƙe da ita kamar dutse. Cikin duk masu gyaran rediyo da na sani a zangonmu, masu hannu da basira, babu ko ɗaya da ke da lambar kira.

Da dattijon ya ji daga inda na fito, sai ya ajiye abin bugawa ya ce: "9G!" Da waɗannan haruffa lambobin Gana suke farawa, kamar yadda na Nijeriya ke farawa da 5N, na Nijar da 5U. Ya ce ya daɗe yana sauraro ko zai ji mu.