Abin da Na Koya daga Daren Talatar Vic Chesnutt

Garin Atens na jihar Jojiya, a kudancin Amurka, ba wani babban gari ba ne. Jami'a ce ke riƙe da shi, kuma ita ce ta kai ni can karatu. Sai dai mutanen garin sun fi tinƙaho da makaɗansu, irin su R.E.M. da B-52's da Widespread Panic. Ni kuwa wanda ya zauna mini a rai shi ne Vic Chesnutt, duk da cewa ya riga mu gidan gaskiya kafin in sauka garin. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta ara mini faifansa na farko, mai suna Little, ta ce, "Ɗana, kada ka yi masa gaggawa." Gaskiyarta. Muryarsa siririya ce, tana rawa, yana jan kalma har sai ka ɗauka za ta tsinke. Sai da na maimaita saurare kafin kunnena ya buɗe.

An haife shi a 1964 a Jacksonville ta jihar Fulorida, wasu ma'aurata suka ɗauke shi riƙo, ya tashi a Zebulon, wani ɗan ƙaramin gari a karkarar Jojiya. Kakansa ne ya fara ɗora masa hannu a kan jita, kuma tun yana ƙarami yake haɗa 'yan waƙoƙinsa. Daga nan ya ɗebo abin da ya ci gaba da rerawa har mutuwarsa: karin harshen mutanen kudu, da cocinsu, da farautarsu, da tsegumin ƙauye, da yaran da suka taso tare. Ko da ya haɗa salon karkara da kiɗan rok, bai wanke bakinsa don ya yi kama da na 'yan birni ba.

A 1983, yana da shekara 18, ya yi hatsarin mota. Shi da bakinsa ya faɗa cewa a buge yake tuƙin. Wuyansa ya karye, ya koma kan keken guragu, hannuwansa ma ba su dawo daidai ba. Abin da yatsunsa za su iya kamawa a tsarkiyar jita bai wuce 'yan kamu masu sauƙi ba. Na daɗe ina tunani a kan wannan. Makaɗin da hannunsa ke gudu yana iya ɓoye raunin baiti a bayan gwaninta. Chesnutt ba shi da wannan mafakar, dole kalma ta ɗauki nauyin waƙar gaba ɗaya. Ya duƙufa karanta mawaƙa irin su Emily Dickinson da Stevie Smith, ya koyi zaɓen kalma kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Tun daga lokacin, idan na rubuta baiti, nakan karanta shi a fili ba tare da rangaji ko kari ba, in ji ko zai tsaya da ƙafarsa. Da yawa ba sa tsayawa.

Darasin da ya fi girma a wurina, duk da haka, shi ne na daren Talata. Bayan ya koma Atens a tsakiyar shekarun 1980, ya samu gurbi a wani gidan kiɗa mai suna 40 Watt Club, yana hawa dandamali duk mako. Mutanen da ke zuwa kusan su ne dai na makon jiya, saboda haka ba zai yi ta maimaita musu abu ɗaya ba. Dole ya zo da sabo, ya gwada shi a gaban waɗanda suka san shi, ya ga inda suka yi tsit da inda suka koma hirarsu. A nan Michael Stipe, mawaƙin R.E.M., ya ji shi, ya ja shi ɗakin ɗaukar sauti. Little ya fito a 1990, West of Rome ya biyo baya, duka biyun Stipe ne ya kula da aikinsu. Ko bayan sunansa ya tsallaka teku, a garin ya ci gaba da zama, har ya yi faifai tare da 'yan Widespread Panic.

Yanzu da na dawo gida, matasa kan kawo mini waƙoƙinsu, tambayarsu ta farko ita ce yadda za su yi suna a intanet. Nakan tambaye su inda suke karantawa duk mako, da kuma wanda ke gaya musu gaskiya ido da ido. Mutum goma da za su dawo makon gobe sun fi amfani ga mai koyo a kan dubu da za su danna su wuce. Da wannan tunanin muka kafa ɗan zamanmu na yammacin Asabar a wani zaure, kowa ya zo da sabon abu ko ya yi shiru ya saurara.

Akwai ɓangaren labarin da har yau yake ci mini rai. A 1996 manyan taurari, har da Madonna da R.E.M., sun rera waƙoƙinsa a wani faifai na tara kuɗi don mawaƙa marasa lafiya. Yabo kam ya sha shi. Amma a ƙarshen rayuwarsa, duk da yana biyan inshorar lafiya, bashin asibiti na dubun-dubatar daloli ya taru a kansa, ga kuma ciwon damuwa da ya daɗe yana fama da shi, wanda bai taɓa ɓoyewa ba. Ya rasu a Atens ranar 25 ga Disamba, 2009, yana da shekara 45, bayan ya sha magani fiye da ƙima. Garin da ya raini muryarsa bai iya sauke masa wannan nauyin ba. Saboda shi ne na dage cewa zamanmu na Asabar ya buɗe asusu, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, kuma idan ɗayanmu ya yi mako biyu bai zo ba, a tashi mutum ya je har gida ya dubo shi.