Tarin Duna

Ƙarfe biyun dare ta gota, muna gaban kwamfuta muna farautar wani kuskure a manhajar da za mu miƙa da safe, sai muka ji kakari daga bayan gida. Muka haska fitilar waya. Duna ne, ya miƙe wuya yana wani busasshen tari, ya ƙarasa da yunƙurin amai, 'yar farar kumfa ta zubo.

Nan take muka ce ƙashi ne, don da yamma an ba shi ragowar kaza. Ƙanenmu har ya naɗe hannun riga zai zura yatsa, Allah ya taimaka muka ce a fara kiran likitan dabbobi.

"Kada wanda ya sa hannu a bakinsa," in ji shi. "Yaushe rabonsa da allurar haukan kare?"

Muka yi tsit. Wata huɗu ke nan da wucewar lokacin, mu da ba ma barin waya ta kwana ba a sabunta ta ba. Ya ce akwai nau'in cutar da ba ya zuwa da cizo: maƙogwaro da muƙamuƙi ne ke shanyewa, miyau ya riƙa dalala, mai kare ya zaci ƙashi ne. Ƙwayar cutar kuwa tana cikin miyan, ɗan yanka a yatsa ya ishe ta.

Muka kulle shi. Hajiya ta ce dama ta faɗa, gida mai yara ba ya buƙatar kare. Ba mu da amsa, ba mu kuma runtsa ba.

Da safe likita ya danna maƙogwaronsa a hankali, tarin ya dawo. Ya ce tarin da karnuka ke shafa wa juna ne kamar mura, yakan ɗauki mako 1 zuwa 3, ƙurar hunturu kuma na tsananta shi. Duk da haka ya daɗe yana sauraron ƙirjinsa, domin a kare mai shekara 8 ciwon zuciya ma na kawo tari. Ya duba ido da hanci ko akwai mugunya, ya ɗebi jini saboda tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa. Ya hana mu ba shi maganin mutane, ya ce a cire masa abin wuya.

Kwana 12 tarin ya tsaya, aka yi allurar. Katin yana manne a jikin firij yanzu, kuma Hajiya ce ta fara haddace ranar ta gaba.