Kafin Ka Hau Jirgin Luksor

Ɗana,

Mahaifiyarka ta shaida mini kai da abokan karatunka kuna shirin zuwa Luksor a ƙarshen mako, kuma hankalinta bai kwanta ba, wai me zai kai ɗalibin Azhar gidan gumaka. Na ce mata ta bar ka ka je. Ni ma na je lokacin da nake karatu a Alƙahira, kuma bai taɓa imanina ba. Alƙur'ani kansa ya sha kiran mutane su zaga ƙasa su ga yadda ƙarshen magabata ya kasance. Abin da nake jiye maka daban ne: ka kwana a jirgi, ka sha rana, ka dawo da waya cike da hotuna alhali ba ka ga komai ba.

Ku hau jirgin ƙasa na daren Alhamis daga tashar Ramsis. Tafiyar ta kai awa 10, gari zai waye muku a can. Kada ku kwanta, ku wuce haikalin Karnak da sanyin safiya, don ranar kudancin Masar ba ta da sauƙi. Ka riƙe ruwa da katinka na ɗalibi, yana rage kuɗin shiga. In za ku hau karusa ku gama ciniki tun a ƙasa, kuma kada ka wulaƙanta mai ita, abincin iyalinsa yake nema.

Idan ka shiga babban zauren ginshiƙai, ka bar abokanka su yi gaba. Ginshiƙai 134 ne, 12 na tsakiya sun kai mita 21, kowanne kaurinsa kamar gindin tsohuwar kuka. Ka samu inuwa ka zauna, ka ɗaga kai. A ƙarƙashin duwatsun da aka gitta a sama za ka ga shuɗi da ja da rawaya suna nan, bayan shekara fiye da 3,000. Daga nan ka dubi sassaƙar bango da kyau. Ta Fir'auna Seti na Ɗaya, a ɓangaren arewa, ta taso sama-sama, mai laushi, aikin haƙuri. Ta ɗansa Ramsis na Biyu kuwa an ƙwaƙule ta can cikin dutse. Ramsis ya sha kankare sunan sarakunan da suka riga shi ya ɗora nasa, saboda haka ya san abin da na baya zai iya yi masa.

Gaba kaɗan akwai dogon dutse mai tsini na sarauniya Hatshefsut. Tsayinsa ya kusa mita 30, dutse guda ne ba haɗi, an yanko shi a Aswan, aka ɗauko shi ta kogin Nilu tafiyar kilomita kusan 200. Bayan rasuwarta, a zamanin Tutmos na Uku, aka bi gine-ginenta ana goge sunanta da siffarta, gindin dutsen kuma an kewaye shi da bango. Bangon nan da ya rufe rubutunta shi ya kare shi daga rana da iska, har ya iso gare mu.

A nan nake so ka daɗe, domin halin bai mutu da fir'aunoni ba. Na ga mutumin da aka ba shugabancin wata Islamiyya, malami ne na gaske, amma aikinsa na farko shi ne sauke allon da ke ɗauke da sunan wanda ya kafa ta. Rijiyar da na farkon ya fara haƙa aka bar ta buɗe har ta rufta, don kada a ce aikin wane aka ƙarasa. Yara ne suka ci gaba da tafiya ɗiban ruwa nesa. Kai ma za ka dawo gida da takardar shaida, wata rana a damƙa maka abin da wani ya fara. Ka ƙarasa shi, ka bar sunansa inda ka same shi. Kuma a jikin duwatsun za ka ga sunayen Turawan da suka zo yawo a ƙarni na 19 suka sassaƙa nasu. Ko da alli, kada ka ƙara naka.

Ku yi Juma'a a masallacin Abul Hajjaj, wanda yake cikin haikalin Luksor. An gina shi lokacin da ƙasa da tarkace suka binne haikalin, shi ya sa da aka tone, tsohuwar ƙofarsa ta rage a sama, ba matakala a ƙarƙashinta. Ka tsaya a tsakar haikalin ka dube ta kafin ka zaga ka shiga.

Ranar Asabar ku ƙetare kogi. Kowa zai ja ku zuwa kaburburan sarakuna, ku je, amma ka matsa a biya Dairul Madina, ƙauyen masassaƙa da masu zanen da suka yi aikin. Gidajen ƙanana ne, manne da juna, bangonsu bai fi ƙugu ba yanzu. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku hatsin da ake biyansu da shi ya yi jinkiri, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a haikali suna cewa yunwa suke ji. An rubuta labarin, yana nan har yau. Ni wannan ƙauyen ya fi taɓa mini zuciya a duk tafiyar.

Ku kama jirgin dare, Lahadi akwai darasi. Hanyar nan ta gumaka masu jikin zaki da ta haɗa Karnak da haikalin Luksor, mai tsawon kilomita 2.7, a zamaninmu yawancinta tana ƙarƙashin gidaje, sai a 2021 aka buɗe ta. Kafin ku tafi ka taka ta da ƙafa, in ka dawo ka ba ni labarinta. Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.